Shanun da Aka Rubuta Sau Biyu

Faɗa ɗaya na taɓa yi da Ntate Lebusa, wato Baba Lebusa a bakinmu, kuma ni na ci, abin da har yau nake jin haushinsa.

Shekarar da ƙungiyar makiyayan Ha Rantsho ta danƙa masa littafi ce. Ya zo bakin shingena da hantsi a kan ƙurun dokin nan nasa mai tafiya kamar an aike shi gaisuwar mutuwa, bargo a kafaɗa, fensir a bayan kunne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ɗaga yatsa ya soma nuna shanuna ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

Na ce, "Kai, Lebusa! Sauke wannan yatsan kafin in karya shi."

Ya ce, "Mme Maletuka, aiki aka sa ni. Gwamnati na so ta san bakuna nawa ke cin ciyawar Letsatseng."

"Gwamnatin ta taɓa zuwa ta taya ni tatsa? Mahauci ne ke nuna saniya da yatsa. Ina da baki, ka tambaye ni."

"To, nawa ne?"

"Goma sha takwas."

Ya dubi shingen, ya dube ni. Da ni da shi mun san sha ɗaya ne a ciki, mun kuma san inda sauran bakwai ɗin ke kwana. Ya sunkuyar da kai ya rubuta, na dangwala yatsa, ya juya dokinsa. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga gari cewa na kori mai littafi, daga nan kuwa babu gidan da ya ƙara barinsa ya leƙa shinge. Sai dai ya tsaya a ƙofa, maigida ya faɗa, shi ya rubuta.

Lebusa ba da talauci ya tashi ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin zinariya can ƙetaren iyaka, shi da mijina a ɗaki ɗaya. A can ya koyi karatu, a can kuma ya kwaso tarin da bai rabu da shi ba. Duk Kirsimeti in ya zo gida sai ya ƙara saniya, har shingensa ya cika. Sai ɗansa ya tashi aure, sadaki ya kwashe rabi. Sauran kuma wata ƙanƙara da ta sauko kafin lokacinta ta rutsa su a kan dutse, kwana huɗu ba a iya hawa ba. Da hanya ta buɗe ya hau, ya sauko da fatu biyu da igiya.

Mijina bai ce masa sannu ba, don sannu ba ta yin huɗa. Wata safiya ya ware shanu bakwai, huɗu masu shayarwa, takarkari biyu da karsana, ya kora su da kansa har cikin shingen Lebusa, ya ce wai nasa shingen ya yi masa kaɗan. Mafisa ke nan, kamar yadda iyayenmu suka yi: shanun naka ne, 'ya'yansu naka ne, amma nono da huɗa da kashin da ake hura wuta na wanda ke riƙe da su ne. Kowa na ganin tsagar kunne, kowa ya san mai su. Amma babu ɗan halak ɗin da zai buɗe baki ya faɗa. In ka wuce ka ga mutum yana kora su, cewa za ka yi, "Ntate, shanunka sun yi kyau bana," shi kuma ya ce, "Ana dai fama." Da mijina ya rasu ban taɓa su ba.

Dokar ƙungiya ta ce mai riƙe littafi sai mai dabba. Ranar zaɓe babu wanda ya ɗaga wannan magana, tunda ga shanu bakwai a shingensa kowa na gani.

Aikin kuwa ya zauna masa kamar an ɗinka. Littafin nan shi ke faɗa wa ofishin kiwo na gunduma gida nawa suka hau da dabbobi Letsatseng, makiyayar da ke saman dutsenmu, yaushe suka hau, yaushe suka sauko, wane gefe aka ci, wane aka bari ya huta. Tumaki da awaki ba su da rigima, don ana ƙirga su a rumfar sausaya. Shanu ne sai an bi gida gida. Lebusa ya san dutsen kamar tafin hannunsa. Yakan tsuguna ya ciro ciyawa ya duba saiwarta ya ce wannan gefen ya gaji. In mai gari ya rufe wani kwari aka tara duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, to ko jakin limamin coci ne ya tsallake sai Lebusa ya koro shi. Littafin kuma a cikin fatar akuya yake naɗe shi, matarsa Mantoa ta ce ko ita ba ta samu irin wannan lallashi ba.

Shekara biyu rahoto na tafiya lafiya. A ta uku, bayan an gama yankan alkama, sai ga wata yarinya daga ofis, Ausi Nthati, a mota har inda hanya ta ƙare, daga nan a kan aron doki tana riƙe da gezarsa hannu biyu. Ta karanta takarda a gaban mai gari, Morena Tumo. Takardar ta ce an auna Letsatseng, ba za ta ɗauki fiye da shanu ɗari shida da hamsin ba. Littafin Ha Rantsho kuwa, shekara uku a jere, ɗari tara da 'yan kai yake nunawa. Saboda haka ko gari ya rage kashi ɗaya cikin uku kafin hawan bana, ko a rufe makiyayar shekara uku.

Wanda bai taɓa zama a dutse ba ba zai gane ba. In aka rufe Letsatseng, shanu za su yi damina a gindin gari, su cinye ciyawar da ake ajiye musu ta lokacin sanyi, in sanyi ya zo su mutu a tsaye. In kuma aka ce a rage, ba masu garke za su ji ba. Mai hamsin zai koma talatin da wani abu ya ci gaba da tuƙa taba. Mai uku ne zai koma biyu, ya rasa abin haɗa garma.

Ntate Ramaisa, wanda ya fi kowa shanu kuma ya fi kowa son a sani, ya ce, "Ai ga abin da littafi ya jawo. Da can da ba ma rubutu wa ya rufe mana dutse?"

Abin da ke cin ran Lebusa daban ne. Ya san yadda makiyaya take in shanu ɗari tara suka yi damina uku a kanta: ƙasa ta fito fili, zaizaya ta tsaga ta, ƙaya ta maye ciyawa. Letsatseng ba haka take ba. Ko dai idonsa ya soma yi masa ƙarya, ko littafinsa.

Shanu ba su riga sun sauko ba. Ya ɗaura sirdi, Mantoa ta ƙulle masa garin soyayyar masara, ya cika aljihun hagu da ƙwayar masara ya hau. Mashaya uku ce a Letsatseng, kuma kowane garke da tasa. Ya kwana uku, kullum yana zaune a kan dutse sama da mashaya ɗaya, tari na tsaga masa ƙirji, duk saniyar da ta sauko ruwa ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga hagu ya mayar dama. A can babu tsohuwar da za ta ce ya sauke yatsa. Da ya dawo gida ya zazzage aljihun a kan tabarma ya jera goma goma. Ya sake jerawa. Ɗari shida da goma sha biyu.

Ya zauna yana kallon masarar. Mantoa na tuƙa tuwo, ta ce, "In ba shukawa za ka yi ba ka ba kajina."

"Shanu ɗari uku sun ɓace, Mantoa. Suna cikin littafi, ba sa kan dutse."

"Sata?"

"A saci ɗari uku babu wanda ya yi kuka?"

Ta ci gaba da tuƙi. Can ta ce, "Mu nawa ka rubuta mana?"

"Bakwai da 'ya'yansu."

"Mme Maletuka kuma nawa ta ce maka?"

Muciya ta ci gaba da bugun tukunya. Ya jawo littafin ya buɗe, ya bi da yatsa gida gida. Ga Mohapi da biyar, ga kawun Mohapi da biyar ɗin nan a cikin nasa. Ga gwauruwar bakin rafi da uku, ga surukinta. Mai shanu ya faɗe su domin nasa ne, mai riƙo ya faɗe su domin a shingensa suke kwana, kuma wane namiji ne za a tambaye shi a ƙofar gidansa, gaban 'ya'yansa, ya ce ba ni da ko ɗaya? Akwai ma wata baƙar saniya da ya gano an rubuta ta sau uku, don wanda aka ba riƙonta shi ma ya ba ƙaninsa. Layin farko a shafin farko kuwa, da hannunsa da sunansa.

Washegari ya sauka gunduma, yini guda a kan doki. Ausi Nthati ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, wannan kam na yaba mata.

Ta ce, "Ntate, na yarda da kai. Amma masara zan kai wa manyana? Kowane gida ya dangwala yatsa a kan adadinsa. Sai dai wanda ya dangwala ya tashi gaban mai gari ya ce ba haka ba ne, in rubuta, ya sake dangwalawa."

"A ɓoye ba zai yiwu ba? In bi su ɗaya ɗaya?"

"In aka yi a ɓoye za su ce kun haɗa baki kun rage don tsoron takarda. A fili, ina zaune."

Ya dawo ya bi gidajen duk da haka. Kowa ya ba shi kujera, kowa ya ba shi ruwa. Mohapi ya ce, "Ntate, ɗana na neman aure a Ha Sello. In surukai suka ji an faɗa a taro ba ni da ko kofato fa?" Wani ya ce gara a rufe dutsen. Wani ya ce zai tashi in wasu sun tashi, wanda ma'anarsa ba zai tashi ba. Masu bayarwa kuma, har da ni, muka ce ba mu za mu tona asirin wanda muka rufa ba, kuma ba za mu cire shanunmu daga sunanmu ba.

Morena Tumo ya kira taro ranar Alhamis a dandalin ƙofar gidansa. Maza a kan duwatsu cikin barguna, mu mata a gefe a ƙasa, Ausi Nthati a kan kujera da tebur ɗin da aka aro daga makaranta. Mai gari ya bayyana magana, ya ce duk wanda ke riƙe da shanun mafisa ya kuma rubuta su da sunansa, ya tashi.

Ka taɓa ganin maza tamanin sun ga abin sha'awa a kan takalmansu lokaci ɗaya? Wani ya shiga gyaran lofe. Wani ya tuna yana da tari.

Ramaisa ya miƙe ƙafa ya ce, "Morena, ka ga dai babu. Ha Rantsho garin masu shanu ne. Mai littafi ne bai iya lissafi ba, ya je ya ƙirga masara ya ce shanu ne."

Aka yi 'yar dariya.

Lebusa na zaune kusa da tebur, littafin a cinyarsa. Mantoa ta gaya mini daga baya cewa tun safe bai ci komai ba, ya sa ta goge masa takalmin roba, ya yafa bargon da yake zuwa coci da shi. Ya san dokar ƙungiya, shi ke karanta ta duk shekara. Ya san kuma cewa in ana zancen kiwo a dandalin nan, marar dabba sai dai ya saurara. Ya ajiye littafin a kan tebur, ya cire hula, ya tashi. Tari ya kama shi, aka jira.

Ya ce, "Morena, iyayena, 'yan'uwana. Shafin farko, layin farko. Lebusa, shanu bakwai da 'ya'yansu. Ƙarya ce, kuma ni na rubuta ta. Ba ni da saniya. Ba ni da maraƙi. Igiyar ce kawai tawa. Nonon da jikokina suka sha, da huɗar da na yi shekara tara, duk na gidan marigayi abokina ne. Ausi, soke."

Fensirin yarinyar nan da ya ja layi har inda muke zaune sai da muka ji shi.

Ya ci gaba da tsayuwa, hula a hannu, bai dubi kowa ba. Tsayuwar ta yi tsawo. Ni dai na ji kamar in tashi in mammari maza. Sai Mohapi ya yi tsaki ya miƙe.

"To, in surukai sun fasa sun fasa. Biyar, na kawuna ne. Soke."

Wani daga baya ya ce, "Mohapi, ai har surukan sun sani, kawunka ne ya raka ka tambaya!"

Dariya ta ɓarke, wannan karon ta gaske. Gwauruwar bakin rafi ta ɗaga hannu daga cikinmu. Sai mutum biyu tare. Sai aka soma layi. Wani ya ce, "Huɗu, na Ntate Ramaisa ne, kuma ɗaya tana harbi kamar mai ita." Wani ya ce, "Ni baƙar nan ban ma san ko ta waye ba, yayana ne ya kawo." Yayan ya ce, "Ni ma aro na yi, marar kunya!" Gida talatin da huɗu suka tashi. Ausi Nthati ta fiƙe fensir har sau uku.

Can wajen ƙarshe sai wata tsohuwa da ta fi ni baki ta ce, "Ntate Ramaisa, jajayen nan goma sha biyar masu tsagar kunne irin ta mutanen can ƙasan dutse fa? Ko su ma haifarsu ka yi?"

Ramaisa ya kumbura kamar kwaɗo. Ashe na mijin 'yarsa ne, wani malamin asibiti, Ramaisa ya rubuta su da sunansa, ya ba ƙaninsa riƙo, shi ma ya rubuta. Ya ce, "Ai wannan ajiya ce, ba mafisa ba."

Mai gari ya ce, "Ajiyar ma ciyawa ɗaya take ci. Soke."

Da aka haɗa, ɗari shida da ashirin da ɗaya. Tara ne tsakaninsa da masarar Lebusa, su ma na masu jinya ne da ba su hau dutse ba.

Ana shirin tashi Ramaisa ya ce akwai sauran magana, doka ta ce mai littafi sai mai dabba. Aka yi masa ca. Morena Tumo ya soma cewa a bar wannan zuwa wani zama. Lebusa ya ce a'a.

"Gaskiya ya faɗa. Na kori jakunanku da dokar nan, ba zan tsallake ta da ƙafata ba."

Ya naɗe littafin a fatarsa ya miƙa wa mai gari hannu biyu, ya zare fensirin daga bayan kunne ya ɗora a kai, ya koma can baya inda marasa dabba ke zama. Da yamma na aika wa Mantoa cewa mijinta ya zo ya ɗauki karsana ɗaya kyauta, gobe ya karɓi littafinsa. Ya aiko da godiya, ya ce saniyar da aka bayar don a riƙe kujera, kujerar ce mai ita, ba shi ba. Na zage shi a gaban ɗan aiken, zagi mai kyau, amma raina fari ƙal.

Takarda ta dawo daga gunduma kafin ƙanƙara ta narke. Ba a rufe Letsatseng ba, ba a rage ko kofato ba. Aka ƙara layi a littafin, ɗaya na mai shanu, ɗaya na mai riƙo, har garuruwan da ke bayan dutse suka aiko a koya musu. Ɗan Mohapi ya yi aurensa.

Lebusa ya ƙara shekara takwas a Ha Rantsho ba shi da muƙami. Mutum uku suka riƙe littafin bayansa, kuma babu wanda ya taɓa aika rahoto bai fara zuwa ya zauna a gindin katangarsa ya karanta masa ba. A taro yana can baya, bai taɓa neman magana ba. Sai dai in gardama ta yi zafi kan wane kwari za a rufe, sai ka ga kawuna na juyawa baya ɗaya bayan ɗaya, har mai gari ya gaji ya ce, "Ntate Lebusa, ka ji mu dai."

Tarin ne ya ci ƙarfinsa. 'Yarsa da ke aikin masaƙa a birni ta ce su sauko kusa da asibiti. Ana gobe za su tafi, da hantsi, sai na ji ƙararrawar shanu a bakin shingena. Shi ne a ƙasa, yana jan dokin don ba ya iya hawa, Mantoa na kora daga baya. Bakwai ɗin da mijina ya kai masa sun zama ashirin da uku, ban da waɗanda na sayar da waɗanda aka yanka a makoki. Gashinsu na sheƙi, babu mai ƙaiƙayi, babu mai ɗingishi.

Ya jingina da katanga yana mayar da numfashi, ya ce, "Mme, ga amanarku. Mai farin goshin nan ba ta son a tatse ta ta hagu. Wancan ɗan bijimin a dandaƙe shi kafin bazara, ya soma rashin kunya."

Ya bi su ɗaya ɗaya, kowace da halinta da uwar da ta haife ta. Na bar shi ya gama. Mantoa ta juya baya tana share ido da gefen bargo.

Na ce, "Ka gama wa'azin? To saurara, kai da matarka. Shekara goma sha bakwai kana bin gindin shanun nan, ladan riƙo kuma ba kyauta ba ce, haƙƙi ne, ko uban Ramaisa ya san haka. Yanzu babu kujera, babu littafi, balle ka kawo mini wani iyayi. Shiga ka zaɓi biyu, ka tsaga musu kunne da tsagar gidanku, ka bar wa Mohapi ya riƙe maka, shi ma ya ɗanɗana kiwon shanun mai tsirfa. Amma ka ji, Lebusa, in ka taɓa mai cikin nan, har birnin zan biyo ka."